Bindigogi 212, Tuhuma Huɗu: Nazarin Lamarin Wani Mai Tara Makamai a Kalifoniya

Wannan nazari ya bi sawun wani dattijo mai sha'awar tara tsofaffin bindigogi a jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga lokacin da doka ta sauya har zuwa ranar da aka yi gwanjon kayansa. Mutumin da lissafin kayansa misali ne da aka tsara bisa yadda irin waɗannan shari'o'i suke gudana. Dokoki, hukumomi da wa'adin da aka ambata na gaske ne.

Mutumin da kayansa, kafin 2016

Shekarunsa sittin da 'yan kai, ya yi ritaya, bai taɓa shiga hannun hukuma ba. Tun farkon shekarun 1980 yake saye yana ajiyewa, har ya tara kayan da, ranar da 'yan sanda suka binciki gidansa, aka ƙirga guda 212: guda 31 na tarihi ne da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, 118 dogayen bindigogin soja ne na yaƙin duniya na ɗaya da na biyu waɗanda ake ɗana su da hannu bayan kowane harbi, 40 ƙanana ne na hannu, 14 na farautar tsuntsaye, sai 9 na zamani masu ɗana kansu. Akwai harsasai wajen 40,000, fiye da rabinsu ƙananan nan ne masu lamba .22 da ake sayarwa 500 a kwali ɗaya. Duka suna cikin akwatunan ƙarfe shida a wani ɗaki da ke manne da gareji.

Yawan bai saɓa wa doka ba. Dokar tarayya da ta jihar ba su ƙayyade adadin bindigogin da mutum zai mallaka ba. Wani bincike da masana daga jami'o'in Harvard da Northeastern suka yi a 2015 ya nuna cewa kashi 3 cikin 100 na baligan Amurka ne ke riƙe da kusan rabin bindigogin da ke hannun farar hula, kowanne da kimanin 17.

Kalmar rajista ita ce ke rikita masu karatu, don haka sai an warware ta tun daga nan. A matakin tarayya babu kundin da ke ɗauke da sunan kowane mai bindiga. Dokar 1986 ma ta hana gwamnati buɗe irin wannan kundi. Abin da tarayya ke yi wa rajista ƙalilan ne da dokar 1934 ta ware, kamar bindigogi masu aman wuta babu ƙaƙƙautawa, na'urar rage ƙara, da dogayen bindigogin da aka gajarta. Ita Kalifoniya tana ajiye bayanan ciniki ne: na ƙananan bindigogi tun da daɗewa, na dogaye kuwa sai daga 1 ga Janairu 2014. Duk doguwar bindigar da mutum ya saya kafin wannan rana ba za ta fito a kwamfutar jihar ba, kuma babu dokar da ta tilasta masa ya kai sunanta, in ban da wani rukuni na musamman da za a yi bayaninsa a gaba. Mafi yawan kayan dattijon a wannan rukuni suke.

Yana da lasisin tarayya na masu tara kayan tarihi, wanda ake kira lamba 03, ana biyan dala 30 na shekara uku. Lasisin ya shafi bindigogin da suka kai shekara 50 ko waɗanda hukumar ATF, mai kula da dokokin bindiga na tarayya, ta lissafa a matsayin na tarihi, kuma ya wajabta wa mai shi riƙe littafin shiga da fita. Littafinsa tsaf yake, sai dai abin da ya saya da lasisin kawai ke ciki. Na zamani, da waɗanda ya gada, da waɗanda ya saya kafin ya sami lasisin, a kansa kawai lissafinsu yake.

2016 zuwa Yuni 2018: doka ta sauya

Tun 1989 jihar ta haramta wasu bindigogi da sunansu, ta raɗa musu suna makaman farmaki. A 1999 ta faɗaɗa ma'anar zuwa siffa: doguwar bindiga mai ɗana kanta, mai gidan harsashi da ake cirewa da hannu, idan tana da ko da ɗaya daga cikin wasu sassa, kamar mariƙi irin na ƙaramar bindiga ko gindi mai naɗewa, ta shiga rukunin. Masu ƙera kaya sai suka fito da wani ɗan maɓalli da yatsa ba ya iya dannawa sai da tsinin harsashi, wanda ya sa doka ta daina kallon gidan harsashin a matsayin mai ciruwa. A 2016 majalisar jihar ta toshe wannan ƙofa. Duk mai irin wannan bindiga aka ba shi zuwa 30 ga Yuni 2018 ya yi mata rajista ta intanet tare da hotunanta, ko ya cire sassan da suka sa ta shiga rukunin, ko ya fitar da ita daga jihar, ko ya sayar wa dila mai izini na musamman, ko ya miƙa ta ga 'yan sanda.

Biyar daga cikin tara na zamanin nan abin ya shafa. Uku ya kai wa maƙerin bindiga aka cire sassan, suka fita daga rukunin, ya karɓi rasit. Biyu ya so ya bar su yadda suke, amma ya yi ta jan ƙafa, domin bindigar da aka yi wa wannan rajista ba a sayar wa mutumin gari a cikin jihar, magada ba sa riƙe ta, kuma wuraren da za a kai ta ƙididdigaggu ne. Sai a makon ƙarshe ya zauna gaban kwamfuta. Shafin ya cushe a waɗannan kwanaki, mutane da dama sun kasa shiga. Ya gwada dare biyu, ya haƙura. Bai ɗauki hoton allo ba, bai aika wa ma'aikatar shari'a ta jihar ko layi ɗaya ba. Ya tura bindigogin biyu can ƙuryar akwati na shida da niyyar zai kai su wajen maƙeri idan ya sami sarari.

Nuwamba 2018: ciniki a gareji

Wani abokin maƙwabcinsa ya ga wata ƙaramar bindiga mai juyi ya yaba. Suka daidaita a kan dala 600, aka biya hannu da hannu. Tun 1991 dokar jihar ta ce ciniki tsakanin mutum da mutum sai ta hannun dila mai lasisi, wanda zai binciki tarihin mai saye ya riƙe bindigar har wa'adin jira ya cika, kwana 10 a yanzu. Dattijon ya ɗauka lasisinsa ya rufe masa wannan. Lasisin lamba 03 ba na dillanci ba ne, bindigar kuma a 2003 ya saye ta sabuwa a shago, sunansa na nan a kundin jihar a kanta.

A Fabrairu 2019 'yan sandan hanya suka tsayar da mai sayen, suka sami bindigar a mota da harsashi a ciki. Da aka buga lambarta sai sunan dattijo ya fito. Mai sayen, don neman sauƙi, ya faɗi inda ya saya, ya ƙara da cewa ya ga ɗaki cike da makamai. Wannan magana da bayanin kundin suka isa alƙali ya sa hannu a takardar izinin bincike.

Afrilu 2019: ranar bincike

Da asuba aka buga ƙofa. Binciken ya ci sa'a 14. Babu ɗakin da zai ɗauki kayan a baje, don haka aka shimfiɗa tamfol a farfajiyar gida aka jera su layi-layi, wani jami'i na karanta lamba wani na rubutawa. Haka ake yi don a ƙirga a ɗauki hoto, amma daga sama, ta kyamarar jirgi mai saukar ungulu na gidan talabijin, abin da ake gani shi ne fili shimfiɗe da bindigogi. A kan kanta aka ga gurneti biyu na lokacin yaƙin duniya na biyu. Fanko ne, an huda gindinsu tun kafin a sayar da su a matsayin kayan ado, amma ƙa'ida ita ce a kira masu kwance bam. Aka rufe titi, aka fitar da maƙwabta na sa'a uku.

Dattijon ya yi ta bayani ba tare da lauya ba, yana ganin idan jami'an suka fahimci shi mai tara kayan tarihi ne za su tafi. Da aka zaro bindigogin nan biyu, da bakinsa ya ce ya san ya kamata a yi musu rajista, shafin ne ya ƙi. Aka rubuta. An kuma auna wata tsohuwar bindigar farauta da ya gada daga kawunsa. Yadda ake awon shi ne a rufe bindigar, a zura sanda ta baki har ta taɓa ƙarshen bututun daga ciki, a yi alama a daidai baki, a zaro a auna. Ta ba da inci 17 da rabi. Doka ta ce bututun bindigar farautar tsuntsaye kada ya gaza inci 18, na doguwar bindiga mai harsashi ɗaya kada ya gaza 16, tsawon duka kuma kada ya gaza 26. Kawun ne ya datse bakin shekaru da dama da suka wuce bayan ya kumbura. Dattijon bai taɓa auna ta ba.

Aka tafi da shi da kayan duka. Aka sa beli dala 50,000. Iyalinsa suka biya kamfanin beli kashi 10 cikin 100, wato dala 5,000 da ba a mayarwa, ya fito washegari.

Kwana biyu na farko: yadda labarin ya fita

Sanarwar 'yan sanda ta ce an kama mutum da bindigogi sama da 200, da yawansu babu rajista, da dubban harsasai, da abubuwan da ake zargin masu fashewa ne, kuma ana binciken wasu da ake jin na sata ne, wasu kuma babu lamba a jikinsu. Kowace jimla a ciki tana da tushe. Amma ɗan jarida da ke da sa'a ɗaya kafin labarai ba shi da wata majiya sai wannan takarda da hoton tamfol, wanda ake zargi kuwa bai ma sami lauya ba tukuna. Kanun labarai suka ɗauki adadin da kalmar rumbun makamai. Wani gidan rediyo ya ce harsasan sun isa a yi yaƙi, alhali mai zuwa filin koyon harbi duk mako yana iya ƙarar da kwalin 500 a yini ɗaya.

Abin da rahotannin ba su bambance ba shi ne laifin da ɗan sanda ya rubuta lokacin tsarewa da tuhumar da mai gabatar da ƙara zai shigar kotu. Na farko zato ne na ranar. Na biyu sai an tantance kaya. A watan da ya biyo baya aka ƙwace bindigogi sama da 1,000 a wani katafaren gida a unguwar Holmby Hills ta birnin Los Angeles, hotunan suka zagaya duniya, wasu kafafen suka riƙa haɗa labaran biyu a shafi ɗaya duk da babu abin da ya haɗa su.

Mayu zuwa Agusta 2019: abin da aka gwada bai yi ba

'Yarsa ta kira gidajen labarai huɗu tana neman gyara. Duka suka ce abin da hukuma ta faɗa suka ruwaito, a kawo takardar kotu idan akwai sabon abu. A lokacin babu.

Lauyan da aka ɗauka ya nemi kotu ta yi watsi da shaidar binciken, yana cewa maganar mutumin da ke neman tsira ba abin dogaro ba ce. Alƙali ya ƙi, domin kundin jihar ya gaskata maganar. An kuma gwada kafa hujja da cushewar shafin rajista, sai aka rasa ko takarda ɗaya da ke nuna ya yi yunƙuri, ga kuma wata tara da suka wuce bayan wa'adin bai taɓa bindigogin ba. Littafin lasisinsa, wanda ya fi dogara da shi, yana cikin kayan da aka kwashe, kuma rabin kayan kawai ya ƙunsa.

Mai gabatar da ƙara na gunduma ya shigar da tuhuma huɗu: biyu na mallakar makamin farmaki babu rajista, ɗaya na gajeriyar bindigar farauta, ɗaya na sayar da ƙaramar bindiga ba ta hannun dila ba. Amma ya bar ƙofa a buɗe cewa zai ƙara idan binciken sata da na lambobi ya tabbata. Wannan barazana ita ce ta hana a zauna sulhu.

Satumba 2019 zuwa Janairu 2020: lissafin kaya ɗaya bayan ɗaya

Lauyan ya sami izinin kotu ya shiga ɗakin ajiyar shaida da wani ƙwararre kan tsofaffin bindigogi. Kwana biyar suka yi. Kowace bindiga aka ba ta layi guda a jadawali: lambar da 'yan sanda suka liƙa mata, masana'anta, samfuri, shekarar ƙira, cikakkiyar lamba har da haruffa, tambarin kamfanin da ya shigo da ita ƙasar, tsawon bututu, tsawon duka, inda aka samo ta da takardar da ke nuna haka, sai rukuninta a doka. Hoto uku ga kowace.

A nan maganar sata ta warware. Guda shida ne lambobinsu suka yi daidai da na bindigogin sata a kundin hukumar FBI. Huɗu daga ciki bindigogin sojan Jamus ne samfurin K98k. Masana'antun Jamus suna ƙirga lamba ne zuwa 9999, su ƙara harafi su sake daga farko, kuma kowace masana'anta da kowace shekara tana da nata jerin. Idan jami'i ya rubuta lambobi huɗun kawai, ya bar harafin da alamar masana'anta da shekara, lambar za ta iya dacewa da bindigogi barkatai, har da waɗanda ba irinta ba. Sauran biyun na Rasha ne samfurin Mosin-Nagant, waɗanda lambarsu ke farawa da haruffan Rashanci. An kwafe su da haruffan boko masu kama da su, aka bar lambar da kamfanin shigo da kaya ya buga a gefe, wadda ita ce ke cikin takardun ciniki. Da aka sake bugawa da cikakken bayani, babu ko ɗaya da ta fito.

Marasa lamba guda 11 ne, dukansu bindigogin farauta masu araha da aka ƙera kafin dokar 1968, wadda ita ce ta wajabta buga lamba a kan kowace bindiga. Goge lamba babban laifi ne, amma ƙarfen da aka goge yana nuna alamar zarto ko rami. Ƙwararren ya nuna jikinsu sumul yake da fentin masana'anta. Rasit ɗin maƙeri ya fitar da bindigogi ukun da aka gyara. Rahoton masu kwance bam ya tabbatar gurnetin fanko ne.

Aka miƙa wa mai gabatar da ƙara jadawalin, masaninsa ya duba bai yi jayayya da layi ko ɗaya ba. Daga 212, uku ne suka rage a matsayin haramtattu.

Yuni 2020: yadda aka ƙare

Laifukan nan huɗu suna cikin waɗanda dokar jihar ta yarda a ɗauke su a matsayin babban laifi ko ƙarami, gwargwadon hali. Bambancin ba kaɗan ba ne: babban laifi yana hana mutum riƙe bindiga har abada a dokar jiha da ta tarayya. Da yake ba shi da tarihin laifi kuma jadawalin ya nuna ba fatauci yake yi ba, aka daidaita. Bai musa tuhuma biyu ba a matsayin ƙananan laifuka, wato mallakar makamin farmaki da cinikin gareji, aka janye sauran biyun. Aka ci shi tara, aka sa shi ƙarƙashin sa ido, babu ɗauri. Sai dai laifin cinikin yana cikin jerin ƙananan laifukan da ke jawo haramcin riƙe bindiga na shekara 10.

Guda ukun aka lalata su. Sauran 209 ba su koma gidansa ba. An cike takardun neman sakin kaya a ma'aikatar shari'a ta jihar, aka miƙa su kai tsaye ga dila mai lasisi, domin doka ta ba hukuma damar zubar da bindigar da ba a nema ba bayan kwana 180 da sanarwa. Wata 14 a ɗakin ajiya ba tare da an shafa musu mai ba, an cusa su cikin ganguna baki a sama, sun bar tsatsa da ƙarzuwa a jikin da dama, kuma a kasuwar kayan tarihi fenti na asali shi ne kuɗi. Abin da gwanjon ya kawo, bayan an cire ladan dila, kuɗin ajiya da na lauya, bai kai rabin ƙimar da aka yi musu don inshora ba.

Ranar yanke hukunci babu ɗan jarida a kotu. 'Yarsa ta aika wa kafafen nan huɗu takardar hukuncin. Jarida ɗaya ta ƙara layi biyu a ƙasan tsohon labarin, kanun bai sauya ba.

Hukuncin masu nazari

Binciken yana kan ƙa'ida, kuma laifukan na gaske ne. Cinikin gareji shi ne mafi muni, domin ya sa bindiga a hannun mutumin da ba a bincika ba, kuma shi ne ya buɗe ƙofar gidan. Kuɗin dila da jiran kwana 10 sun isa su hana duk abin da ya biyo baya. Sauran biyun sakaci ne na wanda kayansa suka fi ƙarfin lissafinsa: mai bindiga biyar ya san tsawon kowace, mai 212 sai da jadawali da sandar awo, kuma sai ya sake bi ta kansu duk lokacin da majalisa ta taɓa ma'anar wata kalma.

Jadawalin ya yi aiki ne saboda ya raba tarin zuwa guda-guda, ya tilasta wa kowa ya nuna wace bindiga ce ta karya wane sashe. Roƙo da bayanin halin kirki ba su yi haka ba, ƙalubalantar takardar bincike ma ba ta yi ba. Da an yi shi tun kafin 2018, aka ajiye kwafi wajen lauya, da gajeriyar bindigar ta fito tun a teburin awo.

A ɓangaren labarai, laifin bai tsaya kan ƙarya ba, don ba a yi ta ba. Tambaya uku ce ba a yi ba ranar farko: nawa ne daga cikin adadin ake zargin haramtattu ne, wace rajista ce babu kuma doka ta wajabta ta, sannan an shigar da tuhuma ko tsarewa ce kawai. Sashen 'yan sanda ma yana da nasa kason, tunda ya fitar da zargin sata kafin a sake buga lambobin. An ɗan sami sauyi daga baya: a Yuni 2021 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina ambaton sunan waɗanda ake zargi da ƙananan laifukan da ba zai bi shari'arsu ba, kuma daga 2022 Kalifoniya ta hana 'yan sanda wallafa hoton wanda aka tsare kan laifin da babu tashin hankali a shafukan sada zumunta, sai a wasu yanayi. Ko ɗaya ba zai taimaki wannan mutum ba, domin labarin bindigogi 200 ba ya shiga sahun ƙananan labarai a ranar da ya fito.

Batun shafin da ya cushe kuwa, ƙarar da wasu masu bindiga suka shigar ta sa jihar ta sake buɗe rajistar na kwana 90, daga 13 ga Janairu zuwa 12 ga Afrilu 2022, ga waɗanda suka yi yunƙuri kafin wa'adin 2018 shafin ya hana su. A lokacin bindigoginsa biyu sun fi shekara da narkewa, shi kuma saura shekara takwas a haramcinsa.